Takalman da Aka Kwaso daga Dutsen Gauɗe

Rana ta yi ja, masu gasa masara a bakin titin Samaru sun fara hura gawayi, sai Susanna ta sauke kaskon awararta tun ɗalibai ba su gama saye ba. Ta cika fulas da kunun gyaɗa, ta ƙulle ƙosai a leda, ta tare keke napep zuwa Sabon Gari. A ranar ne mijinta Sati zai sauko daga dutse bayan azumin da suka je yi, ita kuwa ta san cikin mijinta. Mutum ne da in karin safe ya makara sai ya fara dafa bango, amma wai shi ne zai je ya yi kwanaki a daji ba ci ba sha.

Ita ba ta je ba, ba ta kuma ɓoye wa kowa dalili ba. Fasto Felix ne ya shirya tafiyar, Felix ɗin da ta sani tun yana tallar maganin basur a motocin Kwangila. Muryar ita ce dai, yatsan da yake kaɗawa shi ne, kwalba kawai ya ajiye ya ɗauki Littafi. Ya kama wani tsohon siton siminti a unguwar Chikaji cikin Sabon Gari, ya shafe shi da farin fenti, ya kafa lasifikar da ta fi ƙarfin ɗakin, daga nan ya zama mai ganin abin da ke ɓoye. Sati kuwa kafinta ne mai hannu, ba ya sha, bai taɓa ɗaga mata yatsa ba. Matsalarsa ɗaya ce, duk wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne mai gaskiya a wurinsa. Haka ya bar cocin da aka ɗaura musu aure ya koma siton siminti, ya bar ta da 'yarsu Sarah suna zuwa sujada su kaɗai.

Ta tarar motar masu azumin ta riga ta iso. Mutane zube a ƙofar sito, leɓe a bushe, ana ta fasa ledar ruwa da haƙori. Wurin na warin gumi da man zaitun. Ta bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ta zaga bayan mota, ta leƙa ciki har kujerar ƙarshe. Babu Sati.

Bibiana ce ta nufo ta, shugabar mata a wurin Felix, mace mai tsafta da son a ce ta kyauta. Baƙar leda ce a hannunta.

"Maman Sarah, ga takalman maigidanki. Kowa ya sa nasa, su kaɗai suka rage a kan dutsen. Na ce kar ruwa ya lalata su."

Susanna ta buɗe ledar. Sandal ɗinsa ne na fata, wanda shi da kansa ya buga wa ƙusa a dunduniya. Ta tambaya wane dutse ne, domin Sati bai faɗa mata suna ba, dutse kawai ya ce. Bibiana ta ce Dutsen Gauɗe ne, can gaba da Shika in an bar kwalta. Ta ci gaba da labari da fara'arta. Wai sun tarar da wani faffaɗan falalen dutse a gindinsa, da tsofaffin takalma jere a kai, wasu har sun ruɓe. Fasto ya tsaya ya rufe ido, ya ce an nuna masa wurin mai tsarki ne, tun mutanen da ma a nan suke tuɓe takalmi. Sai kowa ya cire nasa, suka hau da waƙa.

Susanna ta san dutsen nan.

Ƙauyen uwarta a ƙarƙashin dutsen nan yake. A can ta yi ƙuruciya wurin kakarta, kuma a can kowa ya san falalen nan ba ƙofar coci ba ne. Iyaka ne. Daga falalen zuwa sama na masu dutsen ne, daga falalen zuwa ƙasa na mutane. Mafarauta da masu itace suna hawa, amma da takalmi a ƙafa, don kada dutsen ya san tafin ƙafarsu. In wani ya ɓace a sama, danginsa kan kawo takalminsa su ajiye a kan falalen, baki yana kallon gida, su zauna gefe su yi shiru. Takalmin ne ke jawo shi. Ba a kiran suna. Ba a miƙa wa kowa komai ta tsallaken falalen, domin masu dutsen ba abin da suke nema kamar takalmin mai rai, da shi kaɗai suke iya taka ƙasar mutane. Ruɓaɓɓun da Felix ya gani na waɗanda aka jira ne ba su sauko ba. A cikinsu har da na kawunta, ta ga ranar da kakarta ta ajiye su.

To ga wani gwani ya taso daga Chikaji, ya tuɓe wa mutane takalma ya tura su sama. Waɗanda takalmansu suka jira su sun sauko. Guda ɗaya ya makara, mai kirki ta kwaso masa hanyarsa a baƙar leda.

Ta sami Felix a ciki kan kujerar roba, an tsoma masa ƙafa a ruwan ɗumi, wata na yi masa fifita. Da ta matsa da tambaya sai gaskiya ta fara fitowa gutsure-gutsure daga bakin na gefe. Tun jiya da rana rabon da a ga Sati. Ya zaga bayan wani dutse biyan buƙata, bai dawo ba. Ba wanda ya bi sawunsa, saboda lokacin ana tsakiyar waƙa. Da aka zo sauka an lura ba ya nan, amma hadari ya taso, direba kuma yana ta hon.

"Sista, kwantar da hankalinki," in ji Felix, ko ɗago kai bai yi ba. "Ruhu ne ya riƙe ɗan'uwa Sati. Ba kowa ake yi wa irin wannan alheri ba. In an gama da shi zai sauko."

"Da wane takalmi?"

Sai ya yi murmushin nan nasa na tallar magani a mota, ya ce rashin bangaskiya ciwo ne, amma yana da magani. Ta dube shi daga ruwan ɗumin har tsakar ka, ta ja tsaki mai tsawo a gaban mabiyansa, ta fita. Kafin ta kai titi ruwa ya kece, ba direban da ya yarda ya bar kwalta a irin wannan yanayi. Ta koma Samaru, ta ce wa Sarah babanta zai dawo gobe. Ta kwana zaune da ledar a cinya.

Da safe ta koma Chikaji, domin an yi mata alkawarin maza za su raka ta. Ta same su kuwa, ƙarti majiya ƙarfi, kowa ƙirji kamar ƙofar gareji. Aka buɗe da addu'a. Aka naɗa kwamiti. Kwamitin ya zauna yana gardama a kan ko ya dace a je ba da izinin Fasto ba, Fasto kuwa yana barci, ba a tashinsa. Da ya tashi bayan azahar sai ya ce an nuna masa duk wanda ya koma dutsen yau ya yi wa Ruhu katsalandan. Da ka ga sauƙin da ya sauka a fuskokin mazan nan. Waɗanda jiya suke ihun za su take kan Shaiɗan, yau kowa ya tuna ya bar shago a buɗe. Ta tsaya tana kallonsu suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya, ta ji haushin kanta ya fi nasu, da ta ɓata yini guda tana jiran irin waɗannan.

Uzoma ne ya kai ta. Direban keke ne, haifaffen Sabon Gari, shi ke ɗauko mata buhun waken suya daga kasuwa. Ya saurare ta har ƙarshe bai yi dariya ba.

"Madam, zan kai ki har gindi. Amma ni ba na hawa, ki sani tun yanzu."

Ta ce ai ya fi waɗanda suka rantse za su hau.

Sun wuce Shika rana tana gangara. Da suka bar kwalta hanya ta zama laka, masara ta rufe su hagu da dama, ta fi keken tsawo. Kullum taya ta kafe sai ta sauka ta tura, zaninta ya ɓaci har gwiwa. Manoma masu komawa gida suna ratsewa su ba su hanya, in idonsu ya faɗa kan ledar da ke ƙirjinta sai gaisuwar ta maƙale. Wani tsoho kaɗai ya ce Allah ya sa a dace, shi ma bai tsaya ba. Hanyar ta ƙare a bakin wani ɗan rafi. Uzoma ya juya keken ya fuskanci gida, ya bar injin a kunne, ya ce abeg, don Allah ta yi sauri.

Sauran ta taka da ƙafa.

Dutsen na nan yadda ta bar shi tun tana yarinya, baƙi, jiƙe, ya tare rabin sama. Falalen ma na nan, shimfiɗe a tsakiyar ciyawa. Tsofaffin takalman suna gefe, gansakuka ta cinye su. Mutanen Felix sun bar nasu tarihin, kwalaben man zaitun da guntayen kyandir da takardun waƙa da ruwa ya jiƙa.

Ta ajiye sandal ɗin a tsakiya, bakinsu na kallon Samaru. Ta koma ɓangaren ƙasa ta tsuguna. Ta yi addu'ar da ta zo mata a zuci, sannan ta rufe baki da gefen zani, don ta san halin harshenta.

Kwaɗi na kuka a rafi. Can baya injin Uzoma na tari. Sauro ya fara.

Rana ta taɓa kan masara.

Sai kwaɗin suka yi shiru gaba ɗaya.

Wari ya fara zuwa. Ba na mushe ba. Warin kogo ne, kashin jemage da ruwan da bai taɓa ganin rana ba. Sanyi ya biyo shi, ya shiga mata ta yatsun ƙafa.

Ciyawa ta buɗe. Sati ya fito.

Farar rigarsa tas, kamar yanzu aka gama guga. Fuska a cike, ido na dariya. Ya tako a hankali har dab da falalen, ya tsaya.

"Masoyiyata," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kin zo."

Ta riga ta miƙe kafin ta san ta miƙe.

"Miƙo mini su. Ƙafata ciwo take, ba zan iya hawa nan ba. Miƙo kawai."

Hannunta ya kai rabin hanya, sai ya tsaya. Duk tsawon aurensu Sati bai taɓa ce mata masoyiya ba, ko ranar biki kunya ta hana shi. Ta sauke ido. Ƙafafun fes, babu laka, babu ƙaya. Ciyawar da ke ƙarƙashinsu ko lanƙwasa ba ta yi ba.

Ta janye hannu. Ta koma ta tsuguna.

Murmushin bai gushe ba. Idon bai ƙifta ba.

Ciyawa ta sake buɗewa ta hagu. Wani Sati. Ta dama, wani. Suka yi ta fitowa suna jeruwa a bakin falalen, riga ɗaya, fuska ɗaya, kowanne hannu a miƙe, tafi a buɗe.

"Ni ne, Susanna."

"Kar ki kula shi. Ni ne."

"Jefo kawai."

Ba sa ɗaga murya. Da ihu suka yi da ya fi mata sauƙi. Ta cusa zanin a baki ta ciza. Tsoro ya kama ta, irin wanda ke sa fitsari ya matsa, a ƙarƙashinsa kuma wani haushi na tasowa. Har a nan ma masu daɗin baki ne suka tare hanya.

Haske na raguwa. In duhu ya rufe ba za ta iya bambance ƙafa da ƙafa ba.

Sai ta ji nishi.

Daga bayansu wani abu na jan jiki a ƙasa, ciyawa na karyewa. Warinsa ya riga shi isowa, gumin kwanaki da abin da mutum kan yi a wando in tsoro ya ci shi. Riga a yage, ta koma kalar ƙasa. Idon sawu ɗaya ya kumbura suntum. Yana rarrafe yana mita, murya a dishe.

"Wayyo cikina. Ko ɗan kunu ne. Sai da Maman Sarah ta ce kar in zo."

Wannan nata ne. Duk duniya ba mai wannan mitar sai shi.

Taku kaɗan ne tsakaninsa da falalen, amma ba ya ganinsa. Ido a buɗe, yana lalube. Ya nufo daidai, sai ɗaya daga masu farar riga ya gusa ya tsaya a gabansa. Ya karkata. Ya sake nufowa, wani ya gusa. Suna juya shi a hankali, ba su taɓa shi ba, har kansa ya koma kallon sama.

Ya fara rarrafe yana komawa.

Sunansa ya zo mata har bakin haƙori. Ta haɗiye.

Kakarta ba ta taɓa faɗin abin da ake yi in an kai nan ba. Ta ɗauki sandal ɗin, ta cusa su cikin riga a ƙirji, ta ƙara ɗaure zani. Ta hau falalen. Ta sauka ta ɗaya gefen.

Ƙasar wajen sanyi ƙalau, har ta cikin silifas.

Ba su kama ta ba. Matsowa suka yi. Babu numfashi, sai sanyi a wuya, a kunne, a bayan gwiwa.

"Ba ni."

"Ba ni ɗaya."

"Ɗaya kawai."

Ta durƙusa ta cafko ƙafar Sati. Ya yi ƙara, ya kai mata shuri. Ta danne shi da gwiwa ta zura masa na dama. Yatsu masu sanyi na bin hannunta, suna shafa fatar takalmin. Na hagu ya ƙi shiga saboda kumburi. Ta tura da ƙarfi har ta ji ƙashi ya motsa.

Ya shiga.

Sati ya ƙifta ido ya dube ta. Ya dubi waɗanda suka kewaye su, fuskarsa ko'ina. Bakinsa ya buɗe.

"Yi shiru," ta raɗa masa. "Tashi."

Ta saɓa hannunsa a wuya ta ja. Taku. Taku. Gwiwarsa ta hau falalen. Ta ɗaga ƙafarta ta dama ta hau.

Ta hagu ta ƙi tasowa. An taka mata bayan silifas.

Ba ta waiwaya ba. Ta zare ƙafar ta bar shi.

Suka gangara ɓangaren ƙasa, suka faɗi a laka, suka tashi. Tana jansa, ƙaya na shiga tafinta, ganyen masara na yankar fuska. Bayansu shiru. Babu gudu, babu kira.

Sai ta ji shi.

Fat.

A kan falalen. Ƙarar silifas guda.

Shiru mai tsawo.

Fat. Wannan karon a laka.

Uzoma na zaune ido a rufe, rosari, carbinsa na coci, a hannu. Ya kama aka jefa Sati a baya, ya ja keken da gudun da bai taɓa yi ba. Sai da suka hau kwalta ya waiwayo ya tambaye ta ina ɗayan takalminta.

Sati ya rayu. Maɗori ya gyara ƙafar, abinci ya gyara sauran. Abin da ya iya tunawa kaɗan ne, wai yana ta gangarowa, duk inda ya tsaya sai ya ga ya ƙara sama. Felix kuwa tun kumburin bai saɓe ba ya hau dandamali ya ce addu'arsa ce ta sauko da ɗan'uwa Sati, kamar yadda aka nuna masa. Ya yi ta aiko Bibiana a kan su zo su ba da shaida gaban jama'a. Shi ko sannu bai tako ya yi ba.

Silifas ɗin da ya rage, shuɗi mai 'yar fure a sama, Susanna ta jefa shi ƙarƙashin gado ta yi ƙoƙarin mantawa.

Sai da masara ta bushe aka girbe kafin abin ya iso. Mai ƙafa ɗaya ba ya sauri. Wata yamma tana shigar da kaya gida, almuru ya fara, ta ji shi daga ƙarshen layi, tsakanin ƙarar janareta da kiran salla. Fat. Sai shiru. Da safe ta ga sawu a laka inda kwata ta malalo, na hagu, shi kaɗai, ba komai a gefensa. Washegari sawun ya wuce shagon mai caji. Bayan nan ya kai bakin rijiyar maƙwabta. Karnukan layin suka daina haushi da yamma. Sarah ta fara tambaya wa ke tsalle a waje.

Susanna ta gane abin da ya zo nema. Ɗan'uwan takalminsa yake so, kuma duk inda aka kai shi can zai bi. Ta sa silifas ɗin a murhu, wuta ta lashe shi ta bar shi yadda yake, ko warin roba bai tashi ba.

Ran Lahadi ta yi kwalliya ta tafi Chikaji ba da shaida, ita kaɗai. Felix har ƙofa ya taro ta. Ta tuɓe takalmi kamar kowa, don a siton ma dokar ke nan, ta je gaba ta durƙusa a gindin dandamalin katakon da yake tsayawa a kai. Ana ta tafi, ana buga ganga. Ta sunkuyar da kai kamar mai kuka, ta zaro silifas ɗin daga zani ta tura shi can ƙarƙashi. Sannan ta miƙe ta ce ta gode wa Allah kawai. Ba za a ce ta kyauta ba. Ita dai a lokacin so take ya ɗanɗana tsoro ko na yamma ɗaya ne, ya ji abin da mutum ke ji in an tafi an bar shi. Ba ta yi tunanin gaba da haka ba.

Daga ranar layinsu ya yi lafiya. Karnuka suka dawo da haushinsu.

Mai waldar da ke jikin siton ne ya ba Uzoma labari, Uzoma ya kawo mata shi tare da buhun wake. Wata yamma bayan kowa ya watse, Fasto na ciki shi kaɗai, mai walda ya ji abu ya shiga da tsalle. Aka ɗan jima shiru. Sai ya ji an fito, fat-fat, fat-fat, a natse. Ya leƙo ya ga Fasto ne, ya gaishe shi. Fasto ya amsa da fara'a.

Ta je ta gani da idonta, daga tsallaken titi. Felix ne, ba abin da ya ragu. Sai dai mutumin da kan jiƙa hankici sharkaf a wa'azi ɗaya, yanzu ko ɗigon gumi babu. Ya daina ihu. Magana yake ƙasa-ƙasa mai daɗi, mutane na matsowa don su ji. Farar riga tas har ƙasa. Da ya ɗaga ƙafa zai hau dandamali ta hango shuɗi, da 'yar furen. Ya juyo ya dube ta ta cikin taron, ya yi murmushi, bai ƙifta ba.

Cikin duk jama'ar nan da ke cewa sun san shi ciki da bai, ba wanda ya ga an canza musu mutum. Cewa suke iko ya ƙaru. Silifas ɗin mata kuwa tawali'u ne, har wasu maza sun fara sayen irinsa. Siton ya cika ya batse, ana shimfiɗa tabarma a titi. Ta tare Bibiana ta faɗa mata komai, har abin da ita ta yi da hannunta. Bibiana ta dafa ta da tausayi, ta ce camfin ƙauye ne, za su sa ta a addu'a.

Sati ne ya kawo mata sanarwar, yana sosa ƙeya, ido a ƙasa. An shirya komawa Dutsen Gauɗe, godiya za a je yi, Fasto kuma ya ce shi Sati ake so ya shige gaba. An ce kowa ya taho da takalmin kyauta, wanda ya taɓa sawa, saboda akwai mabuƙata da yawa a can da ba su da shi. Shi dai a ganinsa, in ji shi, ba daɗi a ce mutum ya ƙi.

Ta dube shi ta daɗe. Wannan ne abin da ta tsallaka falale ta ɗauko.

Ranar tafiyar ta kulle shi a ɗaki tun asuba, ta ɗaure makullin a zani, ta ce wa Sarah ko ƙofar zai karya kada ta nemi mai buɗewa. Ta fito ta tsaya a bakin titi. Da hantsi motocin suka zo wucewa ta Samaru, a jere, maƙil da mutane, ana waƙa ana tafi. Ta ɗaga hannu biyu tana ihu su tsaya, suka ɗago mata nasu suna murna. A saman kowace mota an ɗora buhunan takalma, an ɗaure su da igiya tamau.